Na Ci a Can

Usur ɗin sajan ya sake tsaga safiyar, 'yan matan suka kwasa da gudu zuwa kan tudun rairayin da ke bayan koleji. Ina tsaye bakin darnina da buta a hannu, har na manta abin da ya fito da ni. Rairayin nan ko jaki ba ya son hawansa, ƙafa ke nutsewa har idon sawu, amma ga 'ya'yan mutane ana kora su sama, su gangaro, a sake kora su, kowacce da jakar yashi ɗaure a baya. Zuhura ce a gaba, kamar kullum. Da ta kai ƙololuwa sai ta duƙa ta dafa gwiwoyi, na ga bayanta yana motsin amai. Babu abin da ya fito. To me zai fito? Rabon cikin nan da wani abu mai nauyi tun jiya da hantsi.

Ni ce Hajjo, kuma duk Tasawa an san bakina ba ya da linzami. Zuhura jikar ƙanwata ce. Ubanta Mati ya kawo mini ita daga Kona lokacin da ta ci jarrabawar shiga koleji, don gidana na jingine da filin makarantar. Tun ranar na sa mata suna Giginya, saboda sai ta sunkuya take shiga ɗakina. Nakan ce mata wanda zai aure ta sai ya zo da tsani, ita kuma ta ce ai ni ce zan riƙe masa tsanin.

Shekarar nan damina ta yaudare mu. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, bai ko yi kai ba. Soja ke mulki, iyakar Najeriya a rufe, tiyar hatsi ta gagari talaka. Mati ya sayar da 'yan awakinsa ya bi ta daji zuwa ci-rani, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da rumbu ya ƙare sai matarsa Halimatu ta tako a ƙafa daga Kona, da tabarma a ka, tana jan Isufu, Safi na goye. Ni da nake sayar da hura, hatsin ma ya ƙare mini. Muka zama baki biyar a kan tukunyar da ba ta da abin dafawa.

Abin da ya tsaya tsakaninmu da kabari a lokacin nan ƙwallon kwando ne. Ko ni da na gani da idona, in na faɗa sai in ji kamar tatsuniya.

* * *

Mushe Abdurrahamane, yadda muke kiran malamin boko da Faransanci, ke koya wa 'yan matan wasan. Saurayi ne mai sanyin magana, ya yi karatun abin a Yamai. Lokacin da duniya ke kwance yakan zo ya sha hura wurina, in tsokane shi da cewa gwamnati na biyansa don ya koya wa 'ya'yan mutane jifa cikin kwandon da ba ya da gindi. Shi ya taɓa gaya mini cewa kafin a fara gasa akwai watannin gyaran jiki, kuma jiki kamar ɗan raƙumi ne, da kaɗan-kaɗan ake ƙara masa kaya. A wahalar da shi yau, a ciyar da shi, a bar shi ya kwanta gobe, to a cikin kwanciyar nan ƙarfin ke shiga. Haka ya fara da su da aka koma makaranta: horo sau ɗaya da la'asar, ranar Juma'a hutu.

Sai dai akwai wani kaftin da aka turo mana, wanda muke kira Kumanda. Bara 'yan matan Mayahi sun lallasa namu a Maradi gaban manyansa, an yi masa dariya, abin bai bar ransa ba. Wata Juma'a ya biyo da motarsa ya tarar da filin babu kowa. Da aka ce masa ranar hutu ce, ya ce a bariki ba a san wannan kalma ba. Kashegari ya turo sajan da usur da jakunkunan yashi. Horo ya koma safe da yamma, babu Juma'a babu Lahadi. Da safe tudu, da yamma tsalle a kan siminti har rana ta faɗi. Ruwa ma sai an tashi, wai yana sa nauyi.

Mushe ya roƙi abu guda, a ciyar da yaran. Kumanda ya yarda, don ba ya son a ce 'yan wasansa sun je Maradi da wuya kamar na zalɓe. Aka riƙa ba kowacce rabonta daga kayan agaji bayan horon yamma: burodi, gwangwanin kifi, madarar gari, da ɗan awon jar dawa. Sharaɗin ɗaya ne, wadda ta yi gudu ita ke da rabo.

'Ya'yan ma'aikata nan bakin fili suke cinye nasu suna hira. Zuhura kuwa sai ta tura nata ƙarƙashin mayafi ta zagayo gida, ta ajiye a bakin tabarma ba tare da ta ce da kowa komai ba. Halimatu ta kau da kai kamar ba ta gani ba, sai yarinyar ta shige ɗaki sannan ta miƙa hannu.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce uwar ba ta da tausayi. Ba haka ba ne. Zuhura ɗiyar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna damuwa da shi gaban mutane. Tun ranar suna Halimatu ba ta taɓa furta sunan nan ba. Daga "ke" sai "waccan" sai "yarinyar nan". Ko abinci ba ta miƙa mata hannu da hannu, sai ta ajiye ta ce wa Isufu ya kira yayarsa. Kunya ce, da ita aka raine mu, kuma ana yabon Halimatu a kanta har Kona.

Don haka ni ce mai tambaya. Ranar farko na ce, "Giginya, ke fa?"

"Na ci a can, Kaka. Shinkafa ake dafa mana."

Kullum amsar ke nan. Muka karɓa, don mai jin yunwa ba ya dogon bincike.

* * *

Makonnin farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Numfashin yaran ya yi tsawo, gudunsu ya ƙaru, Zuhura in ta yi tsalle yatsunta na shafar ƙarfen kwandon. Maza suka riƙa taruwa kallo da yamma. Kumanda ya zo ya tsaya da hannu a ƙugu, ya ce wa Mushe ga abin da littattafan Yamai ba su koya masa ba.

Daga nan ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada. Ƙwallon da ke shiga da kansa ya koma faɗuwa kafin ya kai kwando. Ƙafafu suka yi nauyi. Yau wannan na mura, gobe waccan ta gurɗe, malamai na ƙorafin suna barci a aji, su da kansu suna faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sajan kuwa magani ɗaya ya sani. In gudu ya ragu, a ƙara gudu. Na ji da kunnena ranar da Mushe ya ce masa yaran sun galabaita, a ba su ko kwana biyu su dawo hayyacinsu. Sajan ya yi murmushi ya ce akwai wata makaranta can bakin hamada da ke neman malami, ko yana sha'awa? Mushe na da mata da jariri. Ya juya ya koma wurin yaran, ni kuwa na tofa yawu ta kan darni.

Sauran yaran aƙalla suna mayar da abin da suka zubar. Zuhura ana ɗiba ba a zubawa.

Wata safiya Halimatu ta same ni ina tankaɗen dusa. Ta tsuguna nesa kaɗan, ta daɗe tana wasa da bakin zanenta.

"Iya, yarinyar nan," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ban ga ta wanke ƙyalle ba. Ga ta kullum cikin maza."

Da rana da Zuhura ta dawo na ce ta zo in cuɗa mata baya, wai ko tsamin jikinta ya bar mu mu sha iska. Tana dariya ta tuɓe. Wallahi sai da na dafa bango. Haƙarƙari a jere kamar karan darni, ciki ya manne da baya. A ƙwaurin ƙafar hagu akwai wani kumburi mai zafi, ina taɓawa ta ja numfashi ta cije leɓe.

Na ce mata wace irin shinkafa ce wannan da ba ta zama a jiki? Ta sunkuyar da kai. Na ce ta dube ni. Sai ta ce, "Kaka, in na ci, Safi ta ci me?" Ta ce in yi haƙuri har a je Maradi. Wai waɗanda suka yi fice za a ɗauke su makarantar kwana a Yamai, can za ta ci har in yi mata gorin ƙiba. Na ci gaba da cuɗa ƙashin bayan.

Na koma na gaya wa uwar ba abin kunya ba ne, yunwa da wahala ne suka shanye jinin. Ta ce alhamdu lillahi da sauri. Sai kuma ta juya ta ga Isufu da Safi suna lasar gwangwanin kifin jiya, ta kau da kai.

Daga ranar muka riƙa ware mata kasonta. Amma yaya za ta ci? Safi za ta zo ta zauna gabanta ta zuba wa lomar ido, ba ta kuka ba ta roƙo. Zuhura ta kai ɗaya baki, sauran su bi ta bakin yarinyar.

* * *

Ni na ja Halimatu zuwa wurin Mushe, tana tirjewa. Muka same shi bakin fili yana hura ƙwallo, yaran na can suna zagaye. Halimatu ta rufe rabin fuska ta gaishe shi, ta ce ta zo ne a kan ɗiyar Mati. Daga nan ta kasa ci gaba, ni na ƙarasa.

Bai yi mamaki ba. Ya ce ya daɗe da ganin tana ɗingishi in ta ɗauka ba a kallonta. Ya ce irin wannan ciwo ƙashi ne ke tsagewa a hankali, kamar tulun da ake ta bugawa a wuri guda, kuma ba shi da magani sai hutu mai tsawo da abinci. Sannan ya dubi ƙasa.

"In na zaunar da ita yau, Iya, gobe sajan ya cire ta. Rabon kuma ya tsaya. Ku faɗa mini, in zaunar da ita?"

Na buɗe baki ke nan sai ga Zuhura ta iso, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta gane abin da ya kawo mu. Ta ce ƙafarta lafiya lau, tsofaffi ne da neman magana. Don ta nuna mana, ta ɗage ƙafar dama ta yi tsalle a kan mai ciwon, ta sake yi, tana murmushi, jijiyar wuyanta ta miƙe. Na ce ƙarya take, a zaunar da ita. Ta ce ai ni ba ni na haife ta ba.

Duk muka juya ga wadda ta haife ta. Kalma ɗaya ake nema. Ga sajan ya matso, ga 'yan kallo sun fara taruwa, ga yara biyu a gida da ba su san komai ba sai jiran yamma. Uwar da ta tsaya gaban jama'a tana jayayya a kan ɗiyar fari, me za a ce da ita? Ban san wacce ta fi danne mata harshe ba, kunyar ko yunwar, kuma ban taɓa tambayarta ba.

"Sai abin da kuka gani, Mushe," ta ce, ta juya.

Amma uwa uwa ce. Abin da ba ta iya yi da baki ba ta yi shi ta bayan fage. Ta ɗauki tasar aurenta, abu na ƙarshe da ta fito da shi daga Kona, ta kai wa Na Allah wanzami. Ya zo ya duba ƙwaurin ya ce mataccen jini ne ya taru. Ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙo jini baƙi ƙirin ya zubar a rairayi. Halimatu na bayan ɗaki tana leƙe ta kafar zana. Kumburin ya saɓe kuwa, zafin ya lafa, yarinyar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Muka yi murna, mu duka. Ɗan jinin da ya rage mata ne muka ba ƙasa, ƙashin kuma yana nan yadda yake, sai dai ya daina yi mata kashedi.

* * *

Ana saura kwanaki a tafi Maradi, Kumanda ya gayyato 'yan Mayahi wasan gwaji, don ya fara ɗanɗana ramuwarsa a gida. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, makaɗan samariya, ƙungiyar matasan gari, suka zo da ganguna. Garin da ba a dafa abinci a rabin gidajensa ya taru yana tafi.

Da 'yan Mayahi suka sauko daga mota na san an gama. Su ma ramammu ne, fari bai bar kowa ba, amma idonsu a buɗe yake, ƙafarsu da sauƙi. Malaminsu wani dattijo ne mai furfura, an ce da la'asar kawai yake fitar da su, ranar da ya ga sun yi laushi ya sallame su gida. Namu kuwa, da suka sha tudu safe da yamma, suna jan ƙafa kamar masu dawowa daga rijiya mai nisa. Kafin a je hutun rabin lokaci an yi musu nisa. Kumanda ya miƙe daga kujera yana daka tsawa, ganguna suka yi shiru.

Halimatu na can bayan taro, gindin itacen bedi, ta ba filin rabin baya kamar wadda hanya ce ta biyo da ita.

Da aka dawo Zuhura ta karɓi wasan ita kaɗai. Ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta jefa ya shiga, ta ƙwace ta sake jefawa, taro ya ɗauki sunan da na sa mata, Giginya, Giginya. Sai ta kutsa tsakanin mutum biyu ta tashi sama, sama fiye da yadda na taɓa ganin ta tashi. Ƙwallon ya shiga. Ta sauko a kan ƙafar hagu.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshen kara.

Kafin kowa ya motsa na ga mace ta keto taro, mayafi ya faɗi, kai ba ɗankwali, ta bi ta gaban rumfar Kumanda ba ta ko san da shi ba.

"Zuhura! Zuhura! Wayyo ɗiyata, Zuhura!"

Duk Tasawa ta ji. Ta zube kan simintin ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, tana share mata fuska da tafin hannu, tana ta maimaita sunan kamar mai biyan bashin shekaru. Zuhura ta buɗe ido ta dube ta, kallon wanda ya ji baƙuwar murya. Ƙafar na kwance a karkace, inda ba gaɓa ba ya lanƙwashe. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta kama hannun uwar ta jawo ta kusa.

"Inna, ki je ki karɓi na yau. Ai na yi wasa."

* * *

Na yau ɗin shi ne na ƙarshe. A asibiti likita ya ce bai taɓa ganin ƙashin budurwa ya yi taushi haka ba, kuma ba su da abin ɗauri, sai muka kai ta wurin maɗori. Ya ja, ya jera kara ya ɗaure, ya gaya mini a gefe cewa za ta taka amma ba za ta miƙe daidai ba. Kwana biyu bayan haka sajan ya yi sallama a ƙofar gida. Na ɗauka dubiya ya zo. Ashe takalman wasa da riga ya zo karɓa, wai kayan gwamnati ne. Abin da na gaya masa ba zai maimaitu ba, amma da takalman ya tafi.

Aka je Maradi aka sha kashi tun wasan farko. Kumanda ya ce 'yan matan Tasawa ragwaye ne, horon ne bai isa ba, baɗi tun da wuri za a fara. Mushe ya zo sau ɗaya da ɗan ƙullin madara, ya tsaya daga bakin zaure, ya kasa shigowa. Inuwar giginya, na nesa ka sha. Wannan karon ma na nesan bai sha komai ba, itacen kawai aka sare.

Ba a jira baɗin ba ma. Wata yamma muna tsakar gida, Zuhura na kan tabarma da ƙafa a miƙe cikin kara, sai ga wata doguwar yarinya ta wuce ta bakin darni. An ce daga wani ƙauye wajen Gidan Amumune aka samo ta. Takalman na gane tun daga nesa, akwai inda na ɗinke da baƙin zare a na hagun. Tana tafiya da sauri, ta matse wani abu ƙarƙashin mayafi, tana waige. Zuhura ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Halimatu ta fito daga madafa da 'yar ƙwarya. Kunun dusa ne, tsararo, abin da muka samu ke nan ranar. Ba ta ajiye a ƙasa ba, ba ta aiki Isufu ba. Ta durƙusa ta sa ƙwaryar cikin hannun ɗiyarta, ta dube ta ido cikin ido.

"Zuhura, sha."

Safi ta rarrafo ta zauna a bakin tabarmar, ta zuba wa ƙwaryar ido. Zuhura ta dubi kunun, ta dubi yarinyar. Na ga bakinta ya buɗe zai faɗi abin da ya saba faɗa, sai ya tsaya, don yanzu babu wani wurin da za ta ce ta ci. Ta tura ƙwaryar gaban Safi a hankali, ta juya fuska ga darni.